Kokowar Dekoda a Kwarin Gawo

Wata bakwai Zaharaddini ya yi a Abijan yana gadin wani shagon kayan lantarki, kuma ko sau ɗaya mai shagon bai yarda ya taɓa abin da ke cikin kwali ba. Amma ranar da ya dawo ƙauyensu, Kwarin Gawo a ƙasar Buza, sai ga shi ya sauko daga mota da baƙin tabarau, alƙalami uku a aljihun gaba, da wata tele, wato talabijin, mai faɗin ƙyauren ɗaki. Ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Mutane suka kira shi, tunda kiran ba ya rage wa kowa hatsi. Ita kuwa telen shekara biyu ta yi jingine a ɗakin matarsa Husna, an lulluɓe ta da zane, ba ta taɓa nuna ko ƙuda ba.

Ana nan, ranar wata Litinin, sai ƙanensa Muntari ya bugo waya daga Agadas, inda yake aikin lodi a tashar mota. Shekara tara rabonsa da gida. Ya ce 'yan talabijin sun zo tasha sun yi hira da su, har da shi, kuma za a nuna ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma, sau ɗaya tak.

Mahaifiyarsu, Inna Habsa, yanar ido ta riga ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma da ƙyar yake rarrabe akuya da tunkiya. An sha nuna mata hoton Muntari a waya, sai ta ture ta ce fuskar ba ta kai ƙwarar goro ba, ita ba ta ga kowa ba. Da ta ji wannan labari sai ta aika a kira mata babban ɗanta.

"Zaharu, tele taka babba ta. Ina son in ga yaron nan tun idon ga bai ida ruhewa ba."

"Inna, ki ce kin gama ganin shi," in ji Zaharaddini, ya bugi ƙirji har alƙalami ɗaya ya faɗo.

Malamin lakwal, wato makarantar bokon garin, wanda ake kira Mushe Harisu irin kiran Faransanci, ya zo gaisuwa ya tarar da zancen. Mutum ne mai sanyin murya, shi ya sa ba a cika sauraronsa ba. Ya ce tun da aka sake tsarin watsa hoto, tele irin wannan ba ta kama komai sai an haɗa ta da ɗan akwatin nan da ake kira dekoda. Kuma kowace nahiya da irin tsarinta: Amurka nata daban, Japan nata daban, Sin nata daban. Mu nan irin na Turai ake watsowa, wanda ake rubutawa DVB-T2, dekodar da ba ta jinsa ko an kwana ana lallashinta ba za ta nuna komai ba. Yana da guda da ya saya a kasuwar Madawa, zai ba da aro. In kuma tsaunin da ya tare garin ya hana hoto saukowa, to ga babur ɗinsa, zai kai Inna Buza gidan surukinsa ta kalla.

Zaharaddini ya cire tabarau a hankali, don a ga ransa ya ɓaci.

"Uwar Injiniya ta tahi kallon tele gidan mutane? Mushe, ka tsaya ga alli. Wa yac ce maka na Turai ya hi? Ka gwada su?"

"Ba zancen wanda ya hi ba na. Zancen wanda aka watsowa na."

"To mu nan ba mu zaɓe sai an kara."

A Kwarin Gawo babu gidan da ba shi da ɗan ci-rani, kuma kusan kowane ya taɓa dawowa da wani akwati da ya ƙi aiki aka jefa ƙarƙashin gado. Zaharaddini ya bi gida-gida. Ya samo ɗaya da wani ya turo daga Amurka, ɗaya irin na Japan da wani ya kwaso daga Angola, ya hau mota har Tamaske ya aro na Sin wurin wani ɗan kasuwa. Ya haɗa da na Mushe suka zama huɗu. Daga nan ya sa aka yi shela cewa ranar Laraba da hantsi za a yi kokowar dekoda a filin gari, wadda ta kayar da sauran ita za ta nuna wa Inna ɗanta.

Mutanen Kwarin Gawo ba su san kan tele ba, amma kokowa kam a jininsu take. Kafin hantsi fili ya cika. Aka zuba yashi aka yi da'ira, aka kifa turmi huɗu, aka ɗora kowace dekoda a kan nata. Dattawa uku suka zauna a matsayin alƙalai. Takawa makaɗi ya rataya ganga, ya raɗa wa 'yan wasa suna: Ba'amurke, Ɗan Japan, Ɗan Sin, sai na Mushe, ɗan ƙarami baƙi mai tsage a gefe, wanda ya kira Ɗan Madawa. Aka jingina tele da amalanke, aka ja mata wuta daga batir ɗin pano mai aiki da hasken rana, aka ɗaure eriya a kan gora.

Karon farko Ba'amurke da Ɗan Madawa. Zaharaddini ya shigo fili cikin babbar riga, ya ɗaga hannu zai yi jawabi, hannun rigar ya share Ɗan Madawa daga kan turmi. Ya faɗo rigingine, ƙafafunsa huɗu na roba suna kallon sama.

Fili ya ɗauki ihu. Takawa ya saki kiɗan kaye.

"Ba a ko sa mishi wuta ba," in ji Mushe Harisu.

"Baya nai ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?" in ji Zaharaddini.

"Kai kak kada shi."

"Mushe, wanda hannun riga ya kayas, mi za shi yi da tsauni?"

Aka mai da magana gaban alƙalai. Suka haɗa kai suka daɗe suna shawara, sannan babbansu ya ce su tun suna yara ba su taɓa ganin wanda bayansa ya sha ƙasa ya ci gaba da wasa ba, kuma ba a kansu za a fara ba. Aka fitar da Ɗan Madawa daga fili. Mushe ya yi fushi ya tafi ya bar shi nan a yashe, Husna ta tsince shi ta je ta danne murfin akurkin kajinta da shi.

Aka sa wa Ba'amurke wuta don ya nuna wa jama'a abin da ya ci da shi. Bawan Allah, an yi shi ne don wutar ƙasarsu, rabin tamu. Ya yi wata ƙara ƙasa-ƙasa, ya yi tari sau biyu, sai hayaƙi ya fara fita ta kowace kafa, fili ya gauraye da warin ƙonannen takalmi. Mata suka kwashe 'ya'yansu. Zaharaddini ya tsaya cikin hayaƙin yana hawaye yana murmushi.

"Kun ga ƙarhi ko? Zuciya ta yi mishi yawa. Irinsu ba su son ƙaramin gari."

Alƙalai suka rubuta cewa Ba'amurke ya ci, amma ya ji rauni, ba zai dawo ba.

Ranar Alhamis aka kara Ɗan Japan da Ɗan Sin. Aka sa wannan, tele ta yi shuɗi da ɗan rubutu a tsakiya. Aka sa wancan, ta yi shuɗi da wani rubutun. Mushe, wanda ya rantse ba zai zo ba amma ya zo, ya ce dukansu abu ɗaya suke faɗa, ba su ji komai ba. Zaharaddini ya ce ai ba a auna ɗan kokowa a wuri ɗaya, sai an ga iya nisan da kowa yake kamawa. Ya loda tele da batir da alƙalai uku a amalanke, jaki ya ja, gari ya bi baya. Aka tsaya bakin rijiya, shuɗi. Aka tsaya bayan masallaci, shuɗi. Aka je gonar albasa, waya ta gaza, ya kwance wayar shingen gonar ya ƙara, awaki suka gode masa suka shiga. Duk inda aka tsaya sai ya kafa turke ya tambayi dattawa wane shuɗin ya fi. Zuwa azahar Ɗan Sin yana gaba da maki biyu, saboda shuɗinsa ya fi kama da na baban rini, kuma rubutunsa ya fi yawa.

"Injiniya," in ji Husna daga cikin mata, "mu dai mutum muka son gani, ba rini ba."

"Ke, aikin ga ba na mata ba na. Tsawo ɗai ya rage."

Abin da ya fi komai tsawo a garin shi ne rumbun ƙasa na Hamani, maƙwabcinsu. Zaharaddini ya kafa tsani ya hau da gorar eriya, ya tsaya a kan murfin bakin rumbun, ya ɗaga gorar sama, ya ce kowa ya kalli tele. Kowa ya kalli tele. Da suka waiwayo babu Injiniya, sai gora kaɗai ta leƙo daga bakin rumbu tana karkarwa.

Rumbun rabinsa fanko ne, sai da ya yi tafiya kafin ya isa ga gero. Muryarsa ta fito daga ciki kamar ta mai magana a tulu.

"Ya kawo?"

"Shuɗi na," in ji gari.

Da igiyar guga aka fito da shi, aka ɗaura wa bijimi ya ja kamar yadda ake jan ruwa. Ya fito fari fat da ƙaiƙayi, yana susa da hannu biyu, ya ce da gangan ya shiga, yana son ya auna ko hoto yana ratsa laka. Hamani ya ce in ya gama aunawa ya gina masa murfi.

Ranar Juma'a tun da safe Inna Habsa ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take ajiya don Salla, ta sa kwalli har a idon da ba ya gani. Bayan an sauko daga masallaci Mushe Harisu ya zo ƙofar gida da babur, ya ce hanyar Buza awa guda ce mai duwatsu, in za a tafi yanzu ne. Zaharaddini ya sha gabansa, ya rantse gaban jama'a cewa in Inna ba ta ga Muntari a ƙofar gidanta ba a cire masa suna. Tsohuwa ta juya idonta mai gani wajen babur, ta juya wajen ɗanta. Tana son tafiyar har cikin ranta, amma ba ta iya kunyata babban ɗanta gaban gari ba.

"Mushe, na gode. Bari in zamna. Ya ce shina iyawa."

Sabuwar dabarar ita ce raƙumi. Zaharaddini ya ce rumbu tsayayye ne, shi kuwa hoto yawo yake, sai a bi shi da abin da ke tafiya. Hamani yana da wani tsohon amale mai baƙin rai, ya ba da shi ne kawai don Inna, da sharaɗin shi zai riƙe akala. Aka ɗaure gora biyu aka haɗa, aka kafa a sirdi, eriya a can ƙololuwa, doguwar waya ta biyo ƙasa har zuwa tele. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a gaba. Aka sa zakaran gasa, Ɗan Sin.

Ƙarfe huɗu raƙumi ya yi gabas, shuɗi. Huɗu da kwata ya yi arewa, shuɗi. Huɗu da rabi Mushe ya dubi agogo, ya dubi babur, ya sunkuyar da kai, don ko tashi sama zai yi Buza ta riga ta wuce. Zaharaddini ya fara jin gumi yana bin bayansa. Tsoro ne sosai ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, amma bakinsa bai sani ba, yana ta bayani a kan iska da zafin rana.

Sai ga Husna ta ratso taro, ta dire wani abu a kan turmi. Ɗan Madawa ne, da kashin kaji a gadon bayansa.

"Ga shi. Ku sa."

"Wanda anka kayas?" in ji babban alƙali. "Ba a yi."

Aka shiga gardama. Wani ya ce wanda ya faɗi sai baɗi. Wani ya ce a Tawa ya taɓa ganin an mai da mutum don neman na uku. Aka ce to ai na ukun ya ƙone. Biyar saura minti biyar dattawa suna kan kawo misalai daga zamanin kakanninsu, Inna tana zaune tana murza bakin zanenta. Takawa ne ya raba gardamar. Ya ce ɗan kokowar da ya kwana biyu a akurki ai ya sake gari, a shigo da shi a matsayin baƙo. Alƙalai suka ce wannan kam doka ta yarda.

Mushe ya goge shi da hularsa ya haɗa. Shuɗi. Ya ce wa Hamani ya ja raƙumi ya hau jujin bayan gari, inda tsauni ya ɗan yi gibi. Raƙumi ya hau yana gunaguni, ya tsaya, ya juya.

Hoto ya faɗo gaba ɗaya, tangaran, kamar an buɗe taga. Ga tashar Agadas, ga manyan motoci da kaya har sama, ga ɗan jarida da abin magana a hannu. Gari ya zuba ido. Mushe ya raɗa cewa kada kowa ya motsa, wannan tsari ba shi da tsaka-tsaki, ko ya kawo duka ko ya ɗauke duka. Ɗan jarida ya miƙa wa wani ƙato mai gashin baki abin magana, ya ce bayan shi za a ji ta bakin wani ɗan Adar mai suna Muntari. Inna ta dafa ƙasa ta matso.

Da Zaharaddini ya yi shiru na minti ɗaya, da shi ke nan. Amma ya dubi fuskokin mutane ya ga kowa tele yake kallo, babu mai kallonsa, har wasu suna dafa kafaɗar Mushe. Abin ya ci masa rai. Ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar fili.

"Wa yak kawo raƙumi? Wa yas san tsawo? Takawa, kiɗa nau!"

Makaɗi kuwa ba ya jin an ce kiɗa ya tsaya tambaya. Takawa ya narka wa ganga gula.

Tsohon amale bai taɓa son ganga ba. Ya yi wata kururuwa, ya fizge akala daga hannun Hamani, ya gangaro daga juji ya miƙi hanyar Babankatami a guje, eriya tana rawa a samansa, waya tana binsa tana share kwanukan mutane. Hamani ya bi shi yana kiran sunan Zaharaddini haɗe da wasu kalmomin da ba a faɗa ranar Juma'a. Wayar ta fizge daga bayan Ɗan Madawa. Sauti ya ɗauke. Hoton bai tafi ba, ya dai daskare a inda yake: ƙaton nan mai gashin baki, baki buɗe, ido ɗaya a rufe.

Babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi wa Zaharaddini ciwo. Ya dubi hanyar Babankatami, ƙura kawai. Ya dubi Mushe, Mushe ya kau da kai. Ya dubi uwarsa, tana ta ƙifta idonta ɗaya tana jira. Ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, ga Muntari nan. Kin gani, ya yi ƙiba."

Duk garin sun san ƙarya ce, kuma babu wanda ya tanka. Tsohuwa ta miƙa hannu Husna ta tashe ta, ta kai ta gaban tele har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe tana bin fuskar nan da ido, daga hula zuwa haɓa.

"Wanga ba nau ba na," ta ce. "Amma ku bar shi. Wataƙila uwa tai ita ma tana da injiniya gida, bari in dube shi don ita."

Ta dube shi kuwa, tsakani da Allah. Sannan hannunta ya bi gilashin a hankali ya yi gefe, can ƙarshen hoto, inda wata kafaɗa cikin tsohuwar riga ta ɗan shigo, da rabin kunne a samanta. Nan hannun ya tsaya.

"Ga nau nan. Haka uba nai ka sauke kahwaɗa in ya gaji." Ta shafa wurin da babban yatsa. "Ya rame."

Zaharaddini ya cire tabarau ya cusa a aljihu.

"Shekara tara ina jira, Zaharu," in ji Inna Habsa, ba ta ko waiwayo ba. "Kahwaɗa ɗai kak kawo mini. Ku kawo min kujera nan, kada wanda ya taɓa komi."